Wata biyar ina bibiyar env na kwamfutocin ofis da osquery

Tun abin da ya faru da Codecov, kamfanin da ke taya masu rubuta manhaja auna gwajin kod ɗinsu, a 2021 hankalina bai kwanta da maganar env ba. Ga wanda bai sani ba, env wasu 'yan saituna ne da kwamfuta ke miƙa wa kowace manhaja idan ta tashi, kamar PATH da ke nuna mata inda za ta nemo sauran manhajoji, ko http_proxy da ke nuna mata furoksi, wato sabar da za ta bi ta shiga intanet. To masu rubuta manhaja sun mayar da wajen ma'ajiyar sirri, makullin AWS (sabobin haya na Amazon) ne, fasuwad ɗin databes ne, duk nan ake cusa su. Na Codecov 'yan kutse ne suka taɓa musu Bash Uploader, 'yar manhajar da kwastomomi ke tura musu rahoto da ita, tun ƙarshen Janairu yana kwashe env na kwastomomi yana turawa waje, ba a farga ba sai 1 ga Afrilu.

Shi ya sa na takura wa oga har ya yarda muka sa osquery, manhajar sa ido kan kwamfuta, a kwamfutocinmu, da sabobi da laftof wajen sittin. Facebook ne suka fitar da shi kyauta a 2014, daga 2019 ya koma hannun Linux Foundation. Abin da ya burge ni wallahi yadda yake mayar da kwamfuta kamar databes, ka rubuta SQL, yaren tambayar databes, ka tambaye ta, mu kuma mun haɗa shi da Fleet, manhajar da ke sarrafa osquery daga wuri ɗaya, don tambaya ɗaya ta je ko'ina lokaci guda. A Linux da macOS teburin process_envs ake dubawa, a Windows kuma default_environment.

Ranar farko na tambayi http_proxy sai ga laftof bakwai suna nuna wata tsohuwar furoksi da muka kashe tun bara, alhali mutanen nan kullum suna zuwa tebur ɗina wai intanet ba ya yi, ni kuma ina ta zargin rawuta. Minti goma na gyara. Na kuma sa ido kan LD_PRELOAD don da shi ake cusa wa manhaja laburaren da ba nata ba, duk inda ya ɓullo ina so in sani a ranar.

Amma ga inda na ƙone, kuma laifina ne. Na tsara tambaya ta select *, wato a ɗauko komai, tana gudu duk awa ɗaya, ban yi tunanin cewa har abin da ke cikin kowane env take ɗaukowa ba, sai bayan kwana uku ina duba log na ga AWS_SECRET_ACCESS_KEY, makullin sirrinmu na AWS, ɓaro-ɓaro a wajen da mutum biyar ke iya buɗewa, gabana ya faɗi sosai. Asabar da Lahadi muka kwashe muna canja makullai da goge log. Yanzu sunan env kawai nake tarawa, abin ciki sai na 'yan kaɗan da na zaɓa da hannuna kamar PATH da furoksi.

Shi osquery nauyi ba shi da shi, yana da mai gadinsa da ke kashe shi idan ya wuce 200MB na memori, ko tsofaffin laftof ɗinmu ba su koka ba. Sai dai hoton lokacin yake ɗauka, manhajar da ta tashi ta mutu tsakanin tambaya da tambaya ba za ka ga env ɗinta ba, don haka na sabobi na rage tazarar zuwa minti goma sha biyar, laftof na bar su a awa ɗaya.