Hattara da Mai Tallar "Cholla" a Matsayin Shingen Gona

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata talla da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na manoma, inda wani mutum ke sayar da wata shuka mai ƙaya da ya kira cholla. Cewa yake yi daga Amurka ya shigo da ita, kuma duk wanda ya kewaye gonarsa da ita ya rabu da ɓarnar dabbobi har abada. Ni ya ci kuɗina. Ƙanin mahaifina kuwa saura ƙiris ya biya na gona guda, Allah ya sa ya fara tuntuɓata.

Ni mai son shukar tukunya ne, kuma na daɗe ina sha'awar wannan tsiro. Ana furta sunansa "coya", dangin kaktus ne, wato tsirran hamada masu ƙaya da ke adana ruwa a jikinsu, asalinsa hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, musamman hamadar Sonora. Da na ga hotunan, rana ta haske ƙayar tana walƙiya kamar zinariya, ban tsaya dogon tunani ba na tura kuɗi.

Bayan kwana huɗu direban mota ya kira ni na karɓo kwali a tasha. Da na buɗe, sai ga wasu sanduna kore masu kusurwa, da gajerun ƙayoyi biyu-biyu a gefe. Na sa wuƙa na ɗan yanka ɗaya, nan take farin ruwa kamar nono ya tsatso. A nan jikina ya yi sanyi. Coya ba ta da farin ruwa. Gaɓoɓinta zagayayyu ne, a jere kamar an harhaɗa su, ƙayarta doguwa ce cunkus, kowace ƙaya da siririn kube kamar takarda. Abin da ya aiko min dangin ƙyarana ne da tinya, waɗanda ke tsaye a bayan garuruwanmu kyauta. Kuma ruwansu ba abin wasa ba ne, yana ƙona fata, in ya shiga ido sai an garzaya asibiti. Gidana akwai yara ƙanana, wannan ne ya fi ɓata min rai fiye da kuɗin.

Na kira shi, ya ce wai ƙarama ce, in ta girma za ta rikiɗe. Kira na biyu bai ɗauka ba. Washegari ya toshe lambata.

Daga baya na bi sawun hotunansa a intanet, na tarar na lambun coya ne da ke gandun Joshua Tree a jihar Kalifoniya, waɗanda masu yawon buɗe ido suka ɗauka. Da na natsu tun farko da na ga alamu: ya ƙi yin kiran bidiyo in ga kayan, sunan asusun banki daban da sunan shafin, ya rufe wurin sharhi, kuma kullum "saura kwali biyar". Yana kuma sayar da wasu baƙaƙen ƙwayoyi a ƙullin leda da sunan iri, alhali nau'in da ke hoton da wuya ƙwayarsa ta tsira, ta gaɓar da ta karye ta faɗi ƙasa yake yaɗuwa. Har ya ce a riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Wanda ya taɓa rainon kaktus ba zai faɗi haka ba. Gaɓar da aka yanko sai an bar ta a inuwa kamar mako guda bakin ya bushe kafin a dasa a ƙasa mai yashi da tsakuwa, a ajiye a rana, ba a ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau. Yawan ruwa ne ke ruɓar da ita.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne: a ce ma ta gaskiyar ya kawo, da ɓarnar ta fi haka. Ƙayar coya tana da ƙananan ƙugiyoyi masu kallon baya, tana shiga da sauƙi, fita kuwa sai da azaba. Da ka goge ta gaɓa guda ta ɓalle ta maƙale maka, shi ya sa a can ake kiran wani nau'inta "mai tsalle", kuma da mataji ake ɓamɓare ta, ba da hannu ba. Yanzu ka hango akuya ko saniya ta ratsa irin wannan shinge, ta kwashi gaɓoɓi a baki da nono, ta je ta zubar a makiyaya, kowace gaɓa ta kama ƙasa ta zama sabuwar shuka. Haka ta faru a Ostireliya, a yankin Lightning Ridge, inda wani nau'inta ya mamaye filaye, ƙayarsa na huda takalmi har da tayar mota. Afirka ta Kudu ta sa ta cikin haramtattun tsirrai, har sai da aka saki wani ɗan ƙwaro mai tsotse ta don a rage ta. A Laikipiya ta Kenya kuwa, wata 'yar'uwarta mai faffaɗan jiki ta addabi makiyaya, tana raunata bakin dabbobi da idanunsu. Wannan ake so mu shuka tsakanin gona da burtali?

Wanda ya ce shigo da ita ya yi, ku ce ya nuna izinin hukumar killace kayan noma ta ƙasa, NAQS, da takardar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da namun dajin da ake gudun ƙarewarsu, domin kusan duk dangin kaktus na ƙarƙashin wannan yarjejeniya. Mai neman shinge kuwa, ga aguwa ga bi-ni-da-zugu, iyayenmu sun san su.

In kun riga kun biya, ku adana rasit da hirarku, ku je banki da wuri ku shigar da ƙorafi. In kwalin ya iso, ku ɗauke shi daga inda yara ke wasa, kada ku taɓa ruwan da hannu. Jiya na ga ya sauya sunan shafin, amma hotunan nan dai su ne.