Ɓoye Abincin ko Nuna Shi da Gargaɗi?

Mai ƙera manhajar odar abinci domin iyalan da jikin wani ɗansu ba ya jituwa da wasu cimaka yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce uwa ta rubuta abin da ke tayar wa yaronta da borin jini ko toshe masa numfashi, sai manhajar ta ɓoye duk abincin da ke ɗauke da shi. Ta biyu kuwa ita ce a nuna komai, amma kowane abinci ya zo da jerin kayan haɗinsa da jan gargaɗi.

Hanyar farko ta fi sauri, sai dai a Kaduna tana da haɗari, domin gyaɗa ta ratsa girkinmu ko'ina: ƙuli-ƙuli na cikin yajin tsire, tunkuza na jikin kilishi, ana kaɗa miyar taushe da ita, kuma sau da yawa da man gyaɗa ake suyar ƙosai. Idan mai gidan abinci a Kawo ko Unguwar Rimi ya manta bai ambaci yaji ba, manhajar za ta nuna tsiren kamar ba shi da illa, uwa kuma ta saki jiki.

Na fi karkata ga ta biyu, duk da cewa tana cin lokaci, matuƙar an tanadi maɓallin kiran mai girki kai tsaye. Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da abinci bayyana kayan haɗi 14 da ke tayar da borin jini, Amurka kuma ta ƙara riɗi cikin jerinta a 2023, kuma manhajarmu za ta iya farawa daga waɗannan.