Yaya, Kafin In Sayo Maka Motar da Ake Tayarwa da Waya

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya kai da iyali, da fatan kuma Hajiya ta samu sauƙin ƙafar. Na ga saƙonka. Ka ce in dai zan sayo maka mota daga nan, kana son irin wadda na nuna muku a bidiyo bara, wadda ina zaune a ɗaki na danna waya ta tashi a waje. Na ga gara in rubuto maka a tsanake, tunda da guminka za a yi cinikin.

A nan jihar Minesota ta Amurka ba don ƙawa ake amfani da abin ba. A watan Janairu sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, wani lokaci har ya doshi 30. Hunturunmu na gida bai kama ƙafar wannan ba. In mota ta kwana a waje, gilashin gaba ya daskare, sitiyari ba ya riƙuwa sai da safar hannu. Ni da nake fita aiki tun kafin asuba, minti goman da motar ke yi tana ɗumi kafin in fito ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma birane da dama sun hana mutum ya bar makulli a jikin mota tana aiki ya koma ɗaki, saboda ɓarayi. Da rimot kuwa inji na aiki, ƙofofi a kulle, motar ba ta tafiya sai makullin ya shiga cikinta. In ba ka zo ba bayan minti 10 ko 15, sai ta kashe kanta.

Abin da ban sani ba sai da ya same ni shi ne, tayarwar iri biyu ce. Akwai ta jikin makulli: kai tsaye makullin ke magana da motar, kamar yadda rimot ke buɗe ƙofofinta, sai dai dole ka kasance kusa. Akwai kuma ta waya. Ita wannan, motar ce ke da layinta a ɓoye a ciki, kamar sim ɗin wayarka. In ka danna manhaja, saƙon ba motar yake nufa kai tsaye ba. Sai ya fara zuwa kwamfutar kamfanin da ya ƙera ta, kamfanin ya duba ko kana cikin masu biya, sannan ya miƙa mata umarni. Shi ya sa kana wani gari ma za ka iya tayar da ita, ka kulle ta, ka ga inda take da yawan man da ya rage. Shi ya sa kuma ranar da ka daina biya, aikin ya tsaya.

Tawa ta hannu na saya, da ragowar wa'adin kyauta da mai ita na farko ya bari. Babu wanda ya gaya mini haka a wurin ciniki. Wata asuba, a tsakiyar sanyi, na danna waya sai rubutu ya fito cewa wa'adina ya ƙare, in saka katin banki. Ga mota na biya kuɗinta kaf, ga na'urar a jikinta lafiya ƙalau, amma sai na nemi izini duk wata kafin ta yi mini aiki. Abin ya ci mini rai, Yaya. Da kuɗin kallon DStv ne da na fahimta, don kullum sabon shiri suke kawowa. Nan kuwa injin da na saya ne nake son ya tashi.

Kowane kamfani da nasa tsarin, kuma suna yawan canzawa. Toyota, wadda na san ita ce a ranka, ta sha surutu a ƙarshen 2021. A lokacin ne mutane suka gano cewa a wasu motocinta na 2018 zuwa sama, hatta tayarwa da makulli an ɗaure ta da tsarin biyansu mai suna Remote Connect, dala 8 a wata ko dala 80 a shekara, bayan wa'adin kyauta ya ƙare. Abin da ya fusata jama'a shi ne, makullin ba ya cin layin kowa, to kuɗin mene ne? Dala 80 kamar ba komai ba ce, amma wanda zai riƙe mota shekara goma ya biya 800 ke nan. Ka buga da canjin yau ka gani.

Ford ita kyauta ta mayar da tayarwa ta manhajar FordPass tun 2019. Hyundai ta yi haka daga samfurin 2024, amma ga wanda ya sayi motar sabuwa fil. Mu masu sayen ta hannu ba mu cikin wannan alfarmar. General Motors, mai tsarin haɗa mota da layi mai suna OnStar tun 1996, a 2022 ta ɗora wa masu sayen motocinta na Buick da GMC dala 1,500, kuɗin tsarin na shekara uku, a cikin farashin mota, ko kana so ko ba ka so. Daga baya, daga samfurin 2025, ta sanya tayarwar cikin abubuwan da take bayarwa na shekara takwas ba tare da ƙarin kuɗi ba. BMW ma ta gwada karɓar kuɗin wata a wasu ƙasashe don ɗumama kujera, jama'a suka yi mata caa, ta janye a 2023.

Akwai kuma wani farashin da ba a rubuta shi a rasit. Motar da ke da layi tana kai rahoto: inda ka je, gudun da ka yi, sau nawa ka taka birki da ƙarfi. A 2024 aka fallasa cewa General Motors na miƙa irin waɗannan bayanai ga kamfanonin da ke sayar wa masu inshora, har wasu direbobi suka ga kuɗin inshorarsu ya tashi ba su san dalili ba. Kamfanin ya daina, kuma a Janairun 2025 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa. Tun daga nan na shiga karanta duk abin da manhaja ta ce in amince da shi.

To ga inda maganar ta shafe ka. Layin da ke cikin motar na kamfanonin sadarwar Amurka ne, kuma tsarin an yi shi ne don nan. Da zarar ta sauka a Legas ko Kwatano, abin da ka gani a bidiyona ya ƙare, ko da kana shirye ka biya. Ba kuma sim ba ne da za ka zare ka saka MTN ko Airtel. A nan ɗin ma ba shi da tabbas: da aka rufe sabis ɗin 3G a 2022, motoci da yawa da ba su tsufa ba suka rasa wannan aikin gaba ɗaya. Don haka duk dilan da ya ƙara maka kuɗi a kan 'yar Amurka wai ana tayar da ita da waya, ka ce ya tayar da ita a gabanka.

Ni dai daga ƙarshe shagon masu haɗa wayoyin mota na je, suka saka mini na'ura ta daban mai nata rimot. Compustar da Viper su ne sunayen da aka fi sani. Yawanci dala 300 zuwa 500 ne har da kuɗin aiki, biya ɗaya, ba wanda zai sake tambayarka komai. Rimot ɗin tawa yana yin ƙara a hannuna in injin ya tashi, don in tabbatar. Irin wannan ce za ta yi maka aiki a gida, kuma na san amfaninta: motar da ta yini a rana a watan Afrilu, minti biyar na AC kafin Hajiya ta shiga ya isa. Sai dai ka tuna mai take sha a tsaye, ga yadda lita ta koma tun da aka cire tallafi a 2023. Ka kuma zaɓi otomatik, don shaguna da yawa ba sa yarda su saka wa mai giyar hannu, gudun kada a bar ta a giya ta zabura ba kowa a ciki. Gara kuma a saka a nan, domin in rewaya bai san kanta ba, sai ta riƙa shanye maka batir cikin dare.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi: kada a taɓa tayar da ita a rufaffen gareji, kuma kada a bar rimot ɗin a hannun yara. Gubar da ke cikin hayaƙin janareto, wadda ke kashe mutane suna barci, ita ce dai a hayaƙin mota.

Ranar Asabar zan je in duba guda biyu. Duk wadda ta kwanta mini, zan kashe wayata, in tayar da ita da makulli kaɗai, in ɗauko maka bidiyo kafin in ba da ko sisi. Ka gaya mini ko in sa kuɗin na'urar a cikin lissafin, don in san abin da zan taya. A gaida Hajiya da kyau, a shafa mini kan yara.