Sharhi: Tokonole a bakin maɗaurin agogo na fatar bagaruwa

Maɗaurin agogo na fata daga baki yake fara lalacewa. Fuskarsa tana nan da kyanta, ɗinki bai motsa ba, amma gefen ya yi gashi-gashi, ya yi baƙi, fallen sama da na ƙasa sun soma rabuwa daidai inda ƙarfen ɗauri yake lanƙwasa shi. A nan Marwa ta Kamaru abin ya fi sauri. Zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, gumi mai gishiri yana ratsa fatar, ga alwala sau biyar a rana, ko an cire agogon a kan wuyan hannu mai danshi ake mayar da shi.

Na yi aiki da Tokonole, wani abin shafawa na goge bakin fata, a kan maɗaurai masu faɗin milimita 18, 20 da 22, hunturu ɗaya da bazara ɗaya. Kamfanin Seiwa na Japan ke yin sa, ƙaramar robarsa giram 120 ce. Fari ne mai kauri kamar kindirmo, in ya bushe ba ya barin launi, akwai kuma ruwan ƙasa da baƙi. A kan fatar da aka jeme da bagaruwa ban ga kamarsa ba. Sai dai ba ya rufa wa mugun yanka asiri, kuma a nan ne dukawa da yawa suke ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Rabin aikin yana ƙarewa tun kafin a buɗe robar. Fallen sama ya zama kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4, na ciki 0.7 ko kusa da haka. A shafa gam siriri a duka biyun har bakin fata, kada a bar ko tsinin allura, a jira kamar minti goma sai ya daina bin yatsa, a haɗa a danne da guduma mai santsi. Fallen ciki a bar shi da rara, sai bayan haɗawa a yanke su tare da aska mai kaifi, a tsaye cak. Gam in ya yi kauri yakan fito a tsakiya kamar zaren roba, kuma babu abin gogewar da yake kama roba. Layin ɗinki ya tsaya milimita 2.5 zuwa 3 daga baki, don samfefa za ta ci wani abu.

A naɗe samfefa mai lamba 400 a jikin ɗan katako, a goga ta fuska ɗaya kawai. Kai-da-komo yana tayar da gashin fata, yatsa zalla kuma yana bin tudu da kwari ya ƙara musu zurfi. A sassabe kusurwoyin sama da ƙasa da ƙaramin abin fere baki, mafi ƙanƙanta da ake da shi. Mai son rina bakin ya rina yanzu, domin bayan Tokonole rini ba ya shiga. Sai a ɗan jiƙa da ruwa, a goge da tsumman jins, a bi da lamba 600.

Yanzu ne lokacin Tokonole. Abin da gefe ɗaya na maɗauri yake buƙata bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ba. A shafa da kan yatsa, a ɗan dakata har farin ya dusashe, a goge da tsumma cikin sauri na daƙiƙa ashirin zuwa talatin. Za ka ji tsumman ya fara ƙara ƙii-ƙii, bakin ya yi ɗumi, ya rikiɗe ya yi duhu kamar fatar dabino. Sauri ake so, ban da ƙarfi. Fatar akuyar da majemanmu suke fitarwa tana da laushi, in ka danne ta bakin zai baje ya yi leɓe, leɓen kuwa shi ke fara tsagewa. Dabarar ita ce a matse maɗaurin tsakanin katako biyu, milimita biyu kawai suke leƙowa. A bar shi minti goma, a bi da lamba 800 ko 1000 a hankali, a sake shafawa. Zagaye uku ne yake ba da bakin da ba a gane falle biyu ne. A ƙarshe a goga kakin zuma kaɗan, a murza. Kakin ya zo a ƙarshe, in ya riga shiga babu abin da zai ƙara kamawa.

Da hunturu sai an yi hanzari, iskar tana busar da shi kafin tsumma ya iso, don haka a riƙa yin santimita biyar-biyar, a rufe robar tsakani. Wanda ya zubo a fuskar fata a share shi nan take da tsumma mai danshi, in ba haka ba zai bar tabo mai sheƙi.

Na gwada shi gefe da gefe da ƙaro, wanda Chadi take fitarwa har ƙasashen waje kuma yake a kowace kasuwa tamu: cokali ɗaya a cokali huɗu na ruwan ɗumi, ya kwana, a tace. Ƙaro yana ba da sheƙi mai kyau ƙwarai, ga araha, kuma a kan ɗamara ko jaka ya isa. A wuyan hannu ne yake gazawa, don ruwa yana narkar da shi, wurin lanƙwasa kuma yana farfashewa. Tokonole ya fi shi bin fata in ta lanƙwashe, ko da yake shi ma ruwa ne gindinsa, kakin zuman nan ne yake tsare shi daga gumi.

Fatar da aka jeme da sinadarin kurom, wadda in ka yanka za ka ga cikinta shuɗi-toka, ba ta cika goguwa da kyau ba. Wannan fentin baki take so, irin su Fenice na Italiya, shafi uku ko huɗu sirara da samfefa tsakani. Kada a musanya shi da fentin takalmi, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa.

'Yan zobban fatan da suke riƙe jelar maɗauri a goge bakinsu tun suna miƙe, kafin a haɗa su. Hujin harshen ƙarfe ma baki ne, kuma ta nan gumi yake fi shiga: a tsoma tsinken sakace a Tokonole, a murza cikin kowane huji har ya yi santsi.