Gyaran injin tarakta a Panteka

Ƙaramar taraktar lambuna tsohuwa ce, injinta Kohler K301, mai ƙarfin doki 12, ƙirar Amurka. Ta koma fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai ba ƙaƙƙautawa. Na kai ta wurin wani dattijon makanike a Panteka, Kaduna.

Bai yi saurin cewa ringi, wato zoben da ke jikin fistin, ne ya lalace ba. Sai da ya kwance injin kaf, ya auna silinda, ya nuna mini inda ta cinye. Aka faɗaɗa ta, aka sa fistin daidai sabon awon, ya wasa bawul, ya wanke kafireto. Abin da ya fi burge ni, duk kayan da ya cire ya damƙa mini a leda.

Jiran fistin ya ja lokaci, kuɗin aikin ma ba sauƙi. Amma yanzu bugu ɗaya take tashi, hayaƙin ya ɗauke.