Wata huɗu ina buga eshek a Lichess: abin da na gani

Ƙanena ne ya jefa ni cikin wannan harka. Yana karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi, ranar wata Lahadi ya iske ni a fadarmu ta Ali Dan Sofo ana shan shayi ana dara, sai ya ce, "Yaya, kai da ba a cin ka a nan, ka gwada eshek mana mu gani." Eshek dai ita ce darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, gida 64, kowa da ƴaƴa 16. A daren ya buɗe mini asusu a Lichess, shafin buga eshek a intanet, a kan tsohuwar kwamfutar da nake lissafin shago da ita. Yau wata huɗu ke nan.

Abin da ya fara zaunar da ni shi ne ba a tambaye ni ko dala ba. Wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ne ya kafa shafin a 2010, da gudummawar masu wasa ake tafiyar da shi, kuma babu talla ko ɗaya. Wanda ke sayen forfe na kwana ɗaya ya san darajar shafin da ba zai buɗe masa bidiyon sabulu ba tare da ya nema ba. Yana buɗewa da sauri ko da rezo ya yi sanyi, kuma ana iya juya shi zuwa Faransanci.

Sabon shiga ana ba shi maki 1500 da alamar tambaya a gefe, ma'ana ba a gama auna shi ba tukuna. Ni ban san haka ba, na ɗauka kyauta ce ta girmamawa. Ƙanena kuma ya koya mini wata dabarar buɗe wasa da Faransawa ke kira bugun makiyayi: ka tura dakaren gaban sarki gida biyu zuwa e4 (kowane gida a allon da harafi da lamba ake kiransa), ka fito da sarauniya h5, ka kawo wawan sarki c4 (haka muka raɗa wa ɗan nan mai tafiya a karkace, don sunansa ke nan a Faransanci), sai sarauniya ta faɗa f7, wasa ya ƙare a taku huɗu. Na ci mutum uku da ita a dare ɗaya. Washegari har rangwame na yi wa masu sayayya.

Daga nan aka fara yi mini wankin babban bargo. Duk wanda ya ɗan kwana biyu a wasan ya san maganinta: ya fito da doki c6 ya tsare dakarensa, ya tura g6 ya kori sarauniya, in ta koma f3 ya toshe da ɗayan dokin a f6. Sai ka wayi gari sarauniyarka na yawo kamar akuyar da ta ɓata a kasuwar dabbobi, kowa na kora, shi kuwa duk korar da ya yi ya fito da wani ɗa. Cikin mako biyu makina ya gangaro ƙasa da 1100.

A nan ne na ga amfanin shafin na gaske. Bayan an tashi wasa akwai inda za ka latsa ka nemi kwamfuta ta duba maka shi. Injin Stockfish ne ke dubawar, ya bi taku ɗaya bayan ɗaya, ya sa alamar tambaya ɗaya a kan kuskure, biyu a kan ɓarna babba. Akwai kuma wani maɓalli da ke maido ka daidai wurin da ka yi kuskuren, ya bar ka ka nemo takun da ya dace da kanka. Wannan ya fi komai yi mini amfani. Sai dai inji lamba yake nunawa, ba ya zama ya yi maka bayani kamar dattijo a bakin dara, don haka farkon farawa sai da na riƙa kiran ƙanena ina tambayarsa me -3 ke nufi. Ya ce, "Yaya, in kai ne farare, kamar an raba ka da doki ke nan."

Abu na biyu shi ne ma'ajiyar buɗe wasa, mai alamar littafi a allon nazari. Ka taka taku, ta nuna maka amsoshin da aka fi bayarwa da yadda wasannin suka ƙare. Akwai na gwanaye tun daga 1952, akwai kuma na jama'ar shafin, har kana iya tace su ka ga na masu maki irin naka kaɗai. Ni na biyun nake dubawa, don ba da gwanin duniya zan kara ba, da wani mai shago irina zan kara a Masar ko Indiya.

Da ita na koma buɗewar Italiya, wadda ba ta da wani siddabaru: e4, doki f3, wawa c4, sannan ka ɓoye sarki a kusurwa tun da wuri. Haka dattawanmu ke yi a dara lokacin shuka, ba sa gaggawar ci, wuri suke kamawa. In kuma ni ke da baƙaƙe, akwai tarkon da na faɗa ciki ya fi sau goma kafin in gane. Ka fito da dawakanka biyu, sai dokinsa ya yi tsalle zuwa g5 yana hararar f7 tare da wawa. Amsar ita ce ka tura dakare d5. In ya ci dakaren, hannu zai yi ta ƙaiƙayin ramawa da doki, to kada ka rama, domin dokinsa zai faɗa f7 ya fizgo sarkinka tsakiyar fili. Ka kai ɗayan dokin a5 ya kori wawan. Dakare ɗaya ka yi asara, amma kai ke da iska.

Maganar lokaci kuma, mu a Maradi sai mun yi la'akari da halin da muke ciki. Akwai wasan minti ɗaya, kuma yana da daɗi kamar gyaɗa, ba a cin ɗaya a tsaya. Amma ran da rezo ya yi tsaye na daƙiƙa ashirin, agogonka bai tsaya ba. Na taɓa riƙe sarauniya da hasumiya a kan wanda ba shi da komai sai sarki da dakare biyu, kuran ya ɗauke, kafin in haɗa da waya lokaci ya cinye ni. Yanzu 10+5 nake bugawa ko 15+10, wato minti goma ko sha biyar, inda kowane taku ke ƙara maka daƙiƙa biyar ko goma.

Ga ƴan abubuwan da suka rage mini ciwon kai a kwamfutar kanta. Na shiga saitin Windows na nuna mata cewa intanet ɗina na awo ne, don kada ta kwashe forfena da sabunta kanta ina tsakiyar wasa. Wayar ma da kebul nake haɗa ta da kwamfutar, ya fi zama daram, tana kuma caji a lokaci guda. Kafin in fara ina rufe sauran shafuka da Ctrl da W, in na rufe wanda bai kamata ba Ctrl da Shift da T ke maido shi. A cikin Lichess ɗin, harafin f na juya allo, z kuma na ɓoye maki da duk wani abin da ke gefe. Tun da na daina ganin makin abokin karawa hannuna ya daina rawa. Da hunturu kuwa nakan sa burushin fenti mai laushi in share ramukan iskar kwamfutar, don ƙurar Maradi in ta cika su sai fanka ta yi ta kuka komai ya yi nauyi.

Makon jiya ƙanena ya dawo, muka zauna a shago bayan la'asar. Ya fito da sarauniya h5 a taku na biyu yana murmushi. Na tura doki c6, na ce masa ya zuba mana shayi tukuna, wasan zai daɗe.