Sandar wanke gilashi mai tiyo: ta araha ko mai tsada?

Wani ɗan'uwa ya ce zai fara sana'ar wanke tagogin benaye daga ƙasa, da sandar nan mai tiyo a ciki da burushi a kai, yana tambaya ko ya sayi ta araha ko ya daure ya sayi mai tsada.

Malam, tsayin ginin da za ka riƙa wankewa shi zai raba maka gardama. Ta araha da alminiyom ko fayiba (zaren gilashi) ake yin ta. Har zuwa mita 6 ko 7, wato bene hawa ɗaya, za ta yi maka aiki lafiya lau. Da ka zare ta ta wuce haka sai ta fara lanƙwasa kamar gora, ka danna daga ƙasa amma ƙarfin bai kai kan burushi ba, kusurwar taga ta tsira da dattinta. Ga nauyi, kafin azahar kafaɗa da wuya sun gaya maka.

Mai tsada da kabon (wani zare mai ƙarfi mara nauyi) ake yin ta, irin SLX ta kamfanin Gardiner na Ingila. Ba ta da nauyi, kuma a mita 10 tana nan a miƙe, inda ka nufa nan burushi zai sauka. Aibinta biyu. Ba ta jure faɗuwa, in ta bugi kan katanga gaɓa na iya tsagewa. Sannan yashi na cin ta: ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin gaɓoɓi, kowace zarewa gogewa ce, har maƙalan da ke kulle gaɓoɓin su daina riƙewa, gaɓa ta riƙa juyawa ko ta zame ana cikin aiki. Maganinsa ka goge tiyo kafin ya koma ciki, duk mako ka ware gaɓoɓin ka ɗauraye. Akwai ta tsaka-tsaki, haɗin kabon da fayiba, irin CLX, ita na fi ba sabon shiga shawara.

Kabon da alminiyom duk suna ɗaukar lantarki. Don Allah ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki kafin ka ɗaga sanda.

In jarin bai da yawa, kada ka zuba shi duka a sanda. Ba a goge gilashin bayan wanki, barin sa ake ya bushe da kansa, don haka ruwan rijiyar burtsatse zai bar farin tabo ko da wace sanda ka wanke. Sai ruwan ya bi ta matatar RO mai tace gishirin da ya narke a ruwa, sannan ta tukunyar rezin, wato ƙwayoyin da ke tsotse sauran gishirin, na'urar auna TDS (yawan abin da ya narke a ruwa) ta nuna ƙasa da 10. Da ta haura haka rezin ya gaji, canza shi.

Kafin ka biya kuɗi, tambayi mai sayarwa ko ana samun maƙalai da gaɓoɓi daban. Yawancin na araha ba a samun kayan gyaransu, maƙali ɗaya ya karye sai sabuwar sanda.